Tambaya da Amsa: Kaftanina Aka Hana Shiga, ko Aljihuna?

Wasiƙun da suka taru a teburina a wannan wata sun karkata ga abu guda, wato fitar dare a manyan birane da irin tufafin da ake gindaya wa mutum kafin a buɗe masa ƙofa. Hausa ta riga ta haɗa al'amuran biyu a kalma ɗaya, domin "shiga" ita ce sa kaya, kuma ita ce tsallake bakin ƙofa, kuma kusan duk wanda ya rubuto yana kuka ne a kan yadda shigarsa ta hana shi shiga. Na zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na wuraren da suka ambata.

Tambaya, daga wani matashi ɗan Zariya da ke aiki a Legas: Malam, wata huɗu ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Legas. Abokan aikina sun shirya liyafar ban kwana ga shugaban sashenmu a wani wurin shaƙatawa da ke Victoria Island, wanda da yamma gidan abinci ne, idan dare ya yi nisa kuma ya koma gidan rawa. Na sa sabon kaftanina na shadda da hula zanna da buɗaɗɗen takalmin fata, amma mai tsaron ƙofa ya dube ni sama da ƙasa ya ce ba a shiga da irin wannan kaya. A kan idona wasu suka wuce da yagaggen wandon jins. Na koma gida raina a ɓace. Shin doka ta ba su wannan dama, kuma ba don ni ɗan Arewa ba ne aka yi mini haka?

Amsa: Ƙanena, na fahimci ɓacin ranka, domin ni ma an taɓa tsayar da ni a wata ƙofa a wannan tsibiri shekaru da dama da suka wuce, ina sanye da babbar rigar da na je ɗaurin aure da ita, kuma har yau ina tuna yadda wuyana ya yi nauyi lokacin da na juya ina neman mota. Amma kafin ka yanke cewa asalinka aka duba, ina so ka san abin da mutumin nan yake karantawa idan ya dube ka sama da ƙasa.

Gidan rawa ba ya rayuwa da kuɗin ƙofa. Ribarsa tana cikin tebura da kwalaben da ake sayarwa a ninkin-ba-ninkin farashinsu na kasuwa, kuma ɗakin yana da iyakar mutanen da zai ɗauka. Saboda haka duk wanda aka bari ya shiga ya cinye gurbin wani, kuma aikin mai tsaron ƙofa shi ne ya ƙiyasta cikin daƙiƙa biyar ko goma wane ne zai kashe kuɗi, wane ne zai tsaya a jikin bango da kwalbar lemo ɗaya har asuba, wane ne kuma zai tayar da faɗa. Ƙa'idar tufafi ita ce hanya mafi sauƙi da zai ce a'a ba tare da ya faɗi ainihin dalilinsa ba. Wannan ne ya sa za ka ga ƙa'idar tana miƙewa tana lanƙwashewa kamar roba. Mai yagaggen wandon da ya wuce ka, wataƙila an san fuskarsa, ko ya biya kuɗin teburi tun da rana, ko kuma mai gadin ya san cewa yagewar nan da tsada aka sayo ta. Idan da wani babban ɗan siyasa ne ya sauko daga baƙar jif da irin kaftaninka sak, da gudu za a ɗage masa igiya, har a rusuna.

Wannan ɗabi'a ba a Legas aka ƙirƙiro ta ba. Gidan rawar nan na Studio 54 da aka buɗe a birnin New York a 1977 ya yi suna ne saboda ɗaya daga cikin masu shi, Steve Rubell, yakan tsaya a ƙofa da kansa yana nuna wanda zai shiga da yatsa, sauran jama'a kuma a bar su a titi, kuma cincirindon waɗanda aka hana shi ne babban tallar gidan. A Berlin akwai Berghain, inda abin ya juye: wanda ya ci ado da kwat da lakataye ya fi kowa fuskantar a juya shi, ana fifita masu baƙaƙen kaya marasa ƙyale-ƙyale. Ka ga ke nan babu wata tsayayyar ma'ana ta "kyakkyawar shiga" da duniya ta yarda da ita. Kowane gida yana zana irin taron da yake so a gani a cikinsa, sannan ya sa wa abin suna ƙa'ida.

A naka lamarin, zatona ya fi ƙarfi a kan takalmin. A yawancin irin waɗannan wurare, abin da aka fi tsanantawa ga maza shi ne buɗaɗɗen takalmi da silifas da gajeren wando da singileti, wani lokaci har da hular hana-salla. Mu a Arewa mun san cewa takalmin fata mai kyau na iya fin sau-ciki uku tsada, kuma shi ne cikon adon manyan kaya, amma mai gadin da aka ce masa kada ya bar yatsun ƙafa su wuce ba ya bambance shi da silifas ɗin wanka. Masu gidajen suna kafa hujja da fasassun kwalabe da cunkoso, kuma hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya, sai dai matan da ke shiga da buɗaɗɗun takalma masu tsini sun isa su nuna maka iyakarta. Legas gari ne da ake alfahari da kayan gargajiya, agbada da fila suna shiga wuraren da kwat ba ta isa ba, don haka kaftani da sau-ciki yakan wuce a wurare da yawa, musamman ranar Juma'a da dare, lokacin da mutane ke fitowa daga ofis da manyan kaya.

Ban ce babu wariya ba. Akwai masu gadin da da zarar sun ga hula zanna sai ƙwaƙwalwarsu ta tafi ga mai canji ko mai sayar da tsire ko ɗan acaba, su yanke hukunci a kan haka, kuma kowane ɗan Arewa da ya daɗe a Kudu ya san irin kiran da ke biyo bayan wannan kallo. Garin da kake zaune yana da tarihi a kan wannan batu. A 1947 otal ɗin Bristol da ke Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali jami'i ne da ya zo aiki daga Ofishin Mulkin Mallaka na Landan tare da abokin aikinsa Bature wanda aka karɓa hannu bibbiyu. Hayaniyar da 'yan kishin ƙasa suka tayar ta tilasta wa Gwamna Arthur Richards ya bayyana haramta nuna bambancin launi a wuraren jama'a. A Indiya ma, a 2014, wani kulob na masu wasan kurket a birnin Chennai ya hana wani alƙalin babbar kotu shiga saboda ya ɗaura zanen gargajiyarsu na maza, kuma kafin shekarar ta fita majalisar jihar Tamil Nadu ta yi doka mai hukunta duk wurin da ya hana mutum shiga saboda tufafin gargajiya. Da ma majalisunmu za su yi koyi da wannan, da sun yi aikin da za a gode musu.

Game da dokarmu, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko mahaifarsa ko jinsinsa ko addininsa, amma lafazinsa ya fi fuskantar dokoki da ayyukan gwamnati, kuma gida mai zaman kansa yakan fake da cewa yana da ikon zaɓar baƙinsa. Ƙofar da ta fi kusa da kai ita ce Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda a Afrilun 2024 ta rufe wani kantin 'yan China a Abuja bayan ƙorafin cewa ana hana 'yan Najeriya shiga. Idan har an faɗa maka da baki cewa ba a son mutanenku, wannan ya tashi daga batun takalmi, kuma ya cancanci rubutaccen ƙorafi mai ɗauke da rana da lokaci da sunayen shaidu. Idan kuwa kaya kawai aka ambata, to da wuya ka ci riba a shari'a.

Laifin da ban ga ka ambata ba shi ne na abokan aikinka. Wanda ya shirya liyafa ya kama teburi, shi ke da alhakin sanar da baƙinsa ƙa'idar wurin, kuma kiran waya ɗaya daga ƙofa zuwa gare shi ya isa ya fito da manaja, wanda kalmarsa ta fi ta mai gadi. Nan gaba ka tambaya tun da rana, ka ce a rubuta sunanka cikin jerin baƙi, ka iso tare da jama'a kafin wurin ya rikiɗe daga gidan abinci. Abin da ba zan so ka yi ba shi ne jayayya da ƙato a bakin ƙofa ko cusa masa kuɗi a hannu, domin na farko yakan ƙare da mari, na biyu kuma yana koya masa cewa tsayar da mai hula sana'a ce mai riba.

Tambaya, daga wani dattijo a Gusau: Malam, na ga sanarwar cewa za ka amsa tambayoyi a kan gidajen rawa. Ashe bai fi dacewa ka ce wa yaran nan su zauna a gida ba? Me ya haɗa ɗan Musulmi da wurin da ake shan giya?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, kuma hukuncin giya da zaman teburinta a bayyane yake ga duk wanda ya yi karatun allo, ba ya buƙatar ƙarin bayani daga mai rubutu a mujalla. Sai dai masu karanta wannan shafi sun haɗa da Musulmi da Kirista, kuma a Legas da Abuja iyakar da ke tsakanin gidan abinci da gidan rawa ta dushe ƙwarai, ta yadda wurin da aka ci shinkafa da ƙarfe takwas shi ne ake kashe fitilunsa a ƙara sautin kiɗa da ƙarfe goma sha ɗaya. Yaron da aka tura aiki can zai samu kansa a irin wannan gayyata ko bai nema ba, daga ofis ko daga abokin ciniki. Na gwammace ya san yadda wurin yake, ya san lokacin da ya kamata ya yi sallama ya tashi, da a ce ya je a makance. Wanda kuma ya zaɓi kada ya taka ko bakin ƙofar, ya huta, kuma babu abin da ya rasa wanda zai yi nadamarsa.

Tambaya, daga wata mai yi wa ƙasa hidima a Abuja, 'yar asalin Kano: Malam, ƙawata za ta yi aure, kuma ƙawaye sun shirya mata walimar cin abincin dare a wani wuri da ke saman bene a Wuse 2. Ni abaya da mayafi nake sawa, kuma an ce mini wasu wuraren ba sa barin mai irin wannan shiga. Na kuma ji ana kama mata da dare a Abuja. Ina zaune a Kubwa. Me za ka ba ni shawara?

Amsa: 'Yata, batun abaya shi ne mafi sauƙi a cikin tambayarki. Abuja gari ne da matan manya ke fita cin abinci da abaya da lafaya da leshi, kuma mai gidan abincin da ya kori mayafi ya kori rabin masu kuɗin garin. Abaya mai kyau da takalmi mai tsafta da ƙaramar jaka shiga ce da ake girmamawa a kusan duk wuraren cin abinci da ke kan titin Aminu Kano da na Ademola Adetokunbo. Inda ake samun matsala shi ne ainihin gidajen rawa na tsakar dare, waɗanda ke ɗaukar mata tamkar wani ɓangare na adon ɗaki: sukan bar mace ta shiga kyauta, su matsa a kan takalmi mai tsini da matsattsun kaya, domin taron mata ne ke jawo mazan da za su sayi kwalabe. Kyautar da ake yi wa mace a irin wannan ƙofa ba karamci ba ne, lissafi ne, kuma idan wuri ya ce sai kin cire mayafi, ya riga ya gaya miki cewa ba wurin zamanki ba ne. Ki sa wadda ta kama teburin ta tambaya a rubuce, ta ajiye amsar a wayarta.

Abin da kika ji game da kame yana da tushe. A ƙarshen Afrilun 2019 jami'an haɗin gwiwa na Babban Birnin Tarayya sun kai samame gidajen rawa, suka kwashe gomman mata bisa zargin karuwanci, aka bar mazan da ke tare da su, kuma wasu daga cikin matan sun yi zargin an ci zarafinsu a tsare, abin da ya jawo zanga-zanga a birnin. Tun kafin wannan, a Oktoban 2017, Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarar da Dorothy Njemanze da wasu mata suka shigar, ta ce kama mace da kiranta karuwa don kawai an gan ta a waje da dare keta haƙƙinta ne, ta kuma umarci gwamnatin Najeriya ta biya uku daga cikinsu diyyar naira miliyan shida-shida. A 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ita ma ta ba wasu daga cikin matan da aka kama a samamen 2019 gaskiya da diyya. Doka tana tare da ke ke nan, amma hukuncin kotu yana zuwa ne bayan shekaru, daren da aka kwana a caji ofis kuwa ba a mayar wa mutum da shi. Ki riƙe katinki na hidimar ƙasa a jaka, kada ki tsaya ke kaɗai a bakin titi kina jiran mota, ki jira a cikin harabar wurin har direban ya iso.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kalmar Kubwa. Daga Wuse 2 zuwa can tafiya ce mai nisa a kan babbar hanya, kuma an hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, don haka wanda ba shi da mota yakan faɗa hannun motocin da ke tsayawa a bakin hanya suna kiran fasinja. A cikinsu ne 'yan fashin da ake kira "wan cans" suke, waɗanda ke cika mota da mutanensu har da mata don fasinja ya saki jiki, sannan su ƙwace waya, su tilasta masa ya tura abin da ke asusunsa, wani lokaci su turo shi waje mota tana gudu. Bahaushe ya ce dare rigar mugu. Ki shirya komawarki kafin ki shirya kwalliyarki: ko ki kwana gidan wata ƙawa ko 'yar uwa a cikin gari da sanin iyayenki, ko ku haɗu ku uku ku kira mota ta manhajar Bolt ko Uber, ki duba lambar motar da fuskar direban su dace da abin da wayarki ta nuna, ki tura wa wani na gida bayanin tafiyar. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112. A teburi kuma, ko ruwa kike sha, a buɗe kwalbar a gabanki, kuma kofin da kika bari kika je kama ruwa ya zama na zubarwa.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Landan, ɗan asalin Maraɗi: Malam, ƙungiyar ɗaliban sashenmu za ta yi bikin ƙarshen shekara a wani kulob, kuma katin gayyata ya ce a yi shiga mai tsafta amma ba ta ofis ba. Ban gane abin da ake nufi ba, kuma ina jin tsoron a kunyata ni a gaban abokai.

Amsa: Ɗana, abin da suke nufi ƙananan kaya ne masu kamala: riga mai kwala da maɓallai a goge, dogon wando mai duhu ko jins marar yagewa, da rufaffen takalmin fata. Ba a buƙatar lakataye. Abin da aka fi juya mutane a kansa a can shi ne kambas, kayan motsa jiki, rigar ƙungiyar ƙwallo da riga mai hular sanyi a haɗe, ko da yake wuraren gabashin birnin irin su Shoreditch sun fi na Mayfair sassauci nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne shaidar shekaru. Dokarsu ta sa shekara 18 a matsayin iyakar sayen giya, kuma wurare da yawa suna tambayar duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba, ba sa kuma karɓar hoton fasfo a waya ko katin makaranta, sai ainihin fasfo ko lasin tuƙi. Ka tafi da shi a aljihun ciki mai zif, domin ɓatan fasfo a ƙasar waje wahala ce ta watanni.

Matsayinka a gaban doka ya fi na ɗan'uwanka na Legas ƙarfi. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta shafi 'yan kasuwa masu zaman kansu kai tsaye, ta kuma hana su ƙin yi wa mutum hidima saboda launin fata ko asali ko addini, har da ƙa'idar da a fuska ta shafi kowa amma a aikace wasu mutane take cutarwa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Masu tsaron ƙofa kuma dole ne su riƙe lasin SIA, hukumar da ke kula da masu aikin gadi masu zaman kansu, za ka ga katin ɗaure a damtsensu, kuma kana da damar rubuta lambarsa idan an wulaƙanta ka. Duk da haka a 2015 sai da aka yi zanga-zanga a ƙofar wani kulob na tsakiyar birnin bisa zargin an juya wasu 'yan mata baƙaƙe saboda duhun fatarsu, don haka kada ka ɗauka doka ta wanke zukata. Gungun samari zalla shi ma yakan sha wuya a ƙofa, ya fi kyau ku isa tare da sauran 'yan ajinku da tikitinku a hannu. Wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa suna aiki har safe ranar Juma'a da ta Asabar da dare, ka duba ko naka yana ciki tun kafin ka fita.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Malam, na je Legas sayen kaya, abokin cinikina ya kai ni wani wuri da dare don a ƙulla zumunci. Ni lemo kawai na sha, amma da aka kawo takardar kuɗi sai aka ce a raba daidai, kuma kasona ya fi kuɗin jirgina na dawowa. Ya kuma nemi in canzo sababbin kuɗi mu yi liƙi. Yaya ake kauce wa irin wannan ba tare da an ɓata ciniki ba?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ya same ka shi ne tsarin teburi. A irin waɗannan wurare kujera ba ta kyauta ba ce, kowane teburi yana da mafi ƙarancin kuɗin da dole a kashe a kansa, kuma teburin da ya fi kusa da mai saka kiɗa ya fi tsada. A kan wannan ake ɗora harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, da harajin jihar Legas na kashi 5 cikin ɗari a kan abin da aka ci aka sha a otal da gidajen abinci, sannan sau da yawa da kuɗin hidima. Kai da ka san ba a yanka yadi sai an yi ciniki, bai kamata ka zauna a teburin da ba ka ji farashinsa ba. Doka ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi, don haka neman takardar farashi kafin a buɗe komai ba ƙauyanci ba ne. A al'adar ciniki kuma wanda ya yi gayya shi ke biya. Idan ba haka yake nufi ba, a faɗa tun a mota. Hanya mafi sauƙi ita ce ka riga shi: ka ce kai za ka karɓi baƙuncinsa, ka kai shi cin gasasshen kifi ko tsire a wurin da ka sani da ƙarfe bakwai, inda za ku ji maganar juna, domin ban taɓa ganin cinikin kirki da aka ƙulla ana ihu a kunne ba.

Liƙi kuwa ka ba shi haƙuri da hujjar doka, wadda ba zai iya musantawa ba. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya sa watsa naira da taka ta a wurin biki laifi ne mai hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, haka ma sayar da sababbin takardun kuɗi da ake yi a bakin ƙofa. An daɗe ana ganin dokar a takarda kawai, sai a Afrilun 2024 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure wani fitaccen mai amfani da kafafen sada zumunta wata shida ba tare da zaɓin tara ba, kuma hujjar da hukumar EFCC ta gabatar bidiyo ne na wuraren shagali. A gidan rawa kowane hannu yana riƙe da waya, kuma hoton Alhajin Kwari yana watsa kuɗi zai riga ka isa Kano.

Ka ambata a ƙarshen wasiƙarka cewa an riƙa kawo kwalabe da tartsatsin wuta a bakinsu, kana tambaya ko wasa ne. Talla ce, ana yi don duk ɗakin ya juyo ya ga teburin da ya kashe kuɗi, sauran tebura su ji ƙyashi su yi oda. Amma wuta ce ta gaske a ɗakin da rufinsa ke lulluɓe da soson hana fitar sauti, wanda ke kamawa nan take ya fitar da hayaƙi mai guba. A Janairun 2013 wasan wuta a wani gidan rawa a garin Santa Maria na Brazil ya kashe mutum 242, yawancinsu ɗalibai, kuma hayaƙi ne ya kashe mafi yawansu a wurin da ƙofar fita ɗaya ce. A Janairun 2022, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka, irin wannan wuta ta tashi a wani gidan rawa a unguwar Bastos ta birnin Yaounde, ta hallaka aƙalla mutum 16. Idan ciniki ya sake kai ka irin wannan wuri, kafin ka zauna ka nemi ƙofa ta biyu da idonka, ka tabbata ba a sa mata kwaɗo ko an jibge akwatunan lemo a gabanta ba, kuma ka zaɓi kujerar da ke kusa da ita ko da abokin naka ya ce ta ƙananan mutane ce.